Kafin ka kama ɗaki a tsakiyar birnin Kano: wane otal ne ke tausaya wa muhalli?

Ni manomin rani ne a ƙasar Minjibir, lambuna yana shan ruwa daga gefen madatsar Wasai. Duk ɗan yankinmu ya san inda ruwan nan yake fitowa. Kogin Jakara ne ke ratsa birnin Kano yana kwasar ruwan kwatocin unguwanni, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko na masana'antun Bompai, sannan su gangaro mana. Shi ya sa idan harka ta kai ni birni har dare ya riske ni, ba na kallon otal yadda baƙon Legas ke kallonsa. Abin da aka zubar ta bayan ginin, wata rana zan tarar da shi a gindin latas ɗina.

Tsakanin kai kaya Yankaba, sarin atamfa a Kantin Kwari domin shagon uwargida, da jinyar 'yan'uwa a Asibitin Malam Aminu Kano, na kwana a masaukai iri-iri. Abin da na fara koya shi ne kada koren ganyen da aka zana a allon ƙofa ya ruɗe ka. Akwai takardun shaidar kula da muhalli na gaske a duniya, irin su Green Key da wata gidauniya a ƙasar Denmak ke bayarwa, da EDGE na hukumar IFC ta Bankin Duniya, wanda sai gini ya rage amfani da wuta da ruwa da aƙalla kashi 20 cikin 100 ake ba shi. Idan otal ya ce yana da irinsu, a nuna maka takardar da shekararta. In babu, idonka da hancinka su ne shaidarka.

Babban otal mai hawa-hawa, irin na wajen Nassarawa da Bompai, yana da abin yabo. Janaretansa yana cikin ɗakinsa daban, nesa da masu barci, kuma wasu suna tace ƙazamin ruwansu kafin su sake shi. Wasu ma katin ƙofa ne makunnin wuta, da ka zare shi ka fita komai na ɗakin ya mutu. Amma ka tsaya a baranda ka ji yadda esi ke hura sanyi inda ba kowa, da zauren taro da ke sanyaye tun safe ba a shiga ba. Duk litar gas ɗaya da injin ya ƙone tana sakin kusan kilo 2.7 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, injin kuwa ba ya hutawa muddin an ɗauke wuta. Idan kamfani ne ya biya maka ɗakin, to, ka kashe abin da ba ka amfani da shi. Idan daga aljihunka ne, kana biyan kuɗin sanyaya barandar da ba a cikinta za ka kwana ba.

Wanda na fi so, kuma shi nake nuna wa mutanen garinmu, shi ne matsakaicin otal da ya sa sola da gaske. Na ce da gaske domin a nan ake yawan rufa-rufa. Faranti biyu a kan rufin mai gadi, shi ke nan an rubuta cewa ana aiki da hasken rana. Kafin ka biya, ja baya zuwa bakin titi ka ɗaga kai. Rufin a shimfiɗe yake da faranti, ko kuwa ƙwaya huɗu ne? Suna sheƙi, ko ƙurar hunturu ta rufe su? Farantin da hazo ya lulluɓe ba ya kawo wutar kirki, kuma wanda bai damu ya sa a goge shi ba, ado ya ɗauke shi.

Sannan ka yi tambayar da ke tona komai. Na taɓa ce wa wani yaro mai karɓar baƙi, "Samari, ƙarfe biyun dare idan babu wutar KEDCO, me ke juya fankar ɗakina?" Ya ce, "Baba, batir ne har asuba. Esi ne kawai ba ya ɗauka, shi sai an tayar da inji, daga isha'i zuwa sha biyu." Ya ma kai ni ƙarƙashin matakala ya nuna mini inbata da baturan a jere, an share wurin tsaf, fitilarsu kore tana ƙiftawa. Na kama ɗakin nan take. Wanda ya gaya maka iyakar ƙarfin solarsa ya fi mai cewa "wuta awa ashirin da huɗu" ya kau da kai.

Lissafin kuɗi ma yana tare da su. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato layukan da aka fi ba wa wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mai otal da ya dogara da inji da mita kaɗai ba shi da inda zai huce sai a kan baƙo. Mai sola ya riga ya kashe nasa kuɗin tun farko.

A irin wannan otal, zaɓin ɗaki ya kai zaɓin otal ɗin muhimmanci. Hawan ƙarshe da ke fuskantar yamma, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, murhu ne. Dole ka nemi esi har gari ya waye. Nemi ɗakin ƙasa ko na tsakiya, mai taga da ke buɗuwa, da raga ta sauro, in da hali gefen da inuwar darbejiya ke sauka. Mu da muka tashi a soron ƙasa mun san kaurin bango da inuwa suna yin abin da inji ke yi.

Ƙananan gidajen baƙi na lungunan Fagge da Sabon Gari ba sa cin wuta sosai, ga arha, ga kasuwa a ƙafa. Amma a nan na sha wuya. Wani dare na kwana a ɗaya daga cikinsu, ashe ƙaramin janareta na fetur yana daidai ƙarƙashin tagata. Na farka da asuba kaina kamar an ɗaure da igiya, ina jiri, da ƙyar na yi alwala. Hayaƙin nan yana ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum a cikin barci. Tun daga ranar, kafin in karɓi makulli sai na zagaya na ga inda aka girke inji. A zagayen ne kuma za ka ga inda ruwan banɗaki da na wanki ke bi. Idan akwai sokawe a rufe, madalla. Idan bututu ne ya leƙo kai tsaye cikin kwata, ruwa baƙi yana tsiyaya, to Jakara ya nufa, daga can sai lambunanmu. Ni dai ba na ba wa irin wannan wuri ko sisi.

Akwai masu cewa gara a fita bayan gari, hanyar Zariya ko ta Gwarzo, inda ake samun otal mai fili da itatuwa. Iskar wurin da daɗi, ba musu. Sai dai idan harkarka a Kwari ko Singa take, kullum za ka shiga Adaidaita Sahu sau biyu ko huɗu cikin cunkoso, man da otal ya rage ka ƙona shi a hanya. Koriyar ciyawar nan ma da rani burtsatse ake tatsa a shayar da ita, a garin da mutane ke sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa.

Maganar leda ba ta da tsawo. Otal da ya ajiye babbar gorar ruwa mai famfo a kowane hawa ya fi mai miƙa maka fiya wata ko robobi uku kullum, domin su ne ke toshe magudanai da damina. Abinci a faranti ya fi na farar robar tekawe, wadda Jihar Legas ta haramta tun Janairun 2024. Ka kuma gaya wa mai shara tun ranar farko cewa kada a canza maka zanin gado da tawul sai ka nema. Kwana biyu ba sa buƙatar wanki biyu.

Yanzu kafin in bar gida nakan buga waya in yi tambaya uku: me ke ba da wuta bayan sha biyun dare, ina inji yake daga ɗakin da za a ba ni, kuma akwai ruwan sha na cikawa? Sai in jefa gorata a jaka tare da tocila, in hau motar Yankaba da ke tashi bayan sallar asuba.