Sharhi a Kan Ƙwayar Harsashi ta Barnes TSX a Bindigar .375 H&H

Shekara guda ke nan ina ɗura harsashina da kaina a nan Amurka, inda doka ta yarda da hakan, domin shirin farautar ɓauna a Tanzaniya. Bindigata .375 H&H Magnum ce, samfurin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, kuma shi ne mafi ƙanƙantar girma da Tanzaniya ta amince a tunkari manyan namun daji masu haɗari da shi.

Na zaɓi ƙwayar Barnes TSX mai nauyin giren 300, wato giram 19 da ɗoriya, saboda zallar jan ƙarfe ce, babu dalma a cikinta. Ɓauna dabba ce mai kaurin fata da ƙashin kafaɗa mai tauri, kuma ƙwayar da ta tarwatse kafin ta isa huhu ba ta haifar da komai sai azabtar da dabba da jefa maharbi cikin haɗari. Da na harba ta cikin jiƙaƙƙun jaridu da na jera, bakinta ya buɗe gida huɗu kamar fure, kuma da na ɗora ta a sikeli kusan nauyinta na nan yadda yake. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai ɗuri ya sani tun da wuri. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayar ta fi takwararta mai dalma tsawo, tana shiga can cikin kwanso ta cinye wurin albarushi. Duk wanda ya ɗauko ma'aunin albarushin da ya saba da shi a ƙwaya mai dalma ya zuba kai tsaye, yana wasa da idonsa da hannunsa. Ni na koma ga littafin ma'auni na kamfanin Barnes, na fara daga mafi ƙarancin adadi, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan ina duba kowane kwanso, har gudun ƙwayar ya kusanci ƙafa 2,500 a daƙiƙa, na tsaya nan. Na kuma bar ɗan rata tsakanin ƙwayar da farkon murɗaɗɗen zanen da ke cikin bututun bindiga, kamar yadda kamfanin ya ba da shawara, sai harbin ya riƙa taruwa wuri ɗaya a nisan yadi 100.

Matse bakin kwanso kuwa wajibi ne, domin bugun wannan bindiga yana iya tura ƙwayoyin da ke jira a gidan harsashi su nutse ciki.

Kuɗinta ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake atisaye da ƙwaya mai araha, ita kuwa na ware guda 40 da zan tafi da su daji.