Wata uku ina aika wa koci bidiyon tsallena: abin da ya gyara da abin da bai iya ba

Kusan shekara biyu na yi a maƙale a mita 3.80 a tsallen sanda, wato wasan da ake gudu da doguwar sanda a kafa ta a ƙasa a tsallake karan da aka gicciya a sama. Da zarar an ɗaga karan gicciye zuwa 3.90, ko dai in buge shi da ƙirji wajen hawa, ko in sauko a kansa, ko kuma sanda ta ƙi miƙewa da ni, in dawo baya ina laluben inda zan dira. Duk wanda na tambaya a fili, maganar sama yake yi mini: ka jefa ƙafa da wuri, ka kifa kai, ka tura sanda kafin ka sake ta. Na bi duk waɗannan har na gaji, babu abin da ya motsa. Dalilin da ya sa ke nan na shiga wani tsarin horo na nesa, irin wanda za ka ɗauki bidiyon tsallenka da waya, ka aika ta intanet, koci ya duba ya mayar maka da gyara. Na yi mako 12 a ciki, kuma ina so in faɗi abin da na gani saboda masu tunanin shiga irinsa.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Kowane mako ka aika tsalle huɗu zuwa shida. Koci zai dawo maka da bidiyon ya sassauta gudunsa, ya zana layuka a jikinsa, yana magana a kai, sannan ya haɗo maka da takardar atisayen mako mai zuwa. Sau ɗaya a wata kuma ku yi magana kai tsaye ta bidiyo. Bidiyon da na fara aikawa dawo mini da su aka yi gaba ɗaya, domin ƙanena ya ɗauke su ne daga bayan katifa, yana bin jikina da waya. Koci ya ce a kafa wayar a kan mariƙi mai ƙafa uku, daidai tsayin ƙugu, a gefen layin gudu, tana kallon wurin tashi sak, kuma a saita ta ta riƙa ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. A lokacin abin ya ɓata mini rai, don mako guda ya tafi. Daga baya na gane yana da gaskiya: idan waya ta karkace ko kaɗan, ƙafar da ta shige, wato ta wuce wurin tashi, sai ta bayyana kamar tana daidai.

Saƙonsa na farko bai taɓa maganar kara ba ko sau ɗaya. Ya tsayar da bidiyon a daidai lokacin da ƙafata ta hagu take barin ƙasa, ya ja layi daga hannuna na dama, wanda yake sama a riƙo, ya sauko da shi tsaye zuwa ƙasa. Kamata ya yi layin ya faɗa kan yatsun ƙafar tashi. Nawa ya faɗa can bayan diddige, da tazarar da ta fi tsawon takalmi. Gani ya kori ji. Shekara biyu ina zargin abin da nake yi a sama, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ya sa na auna abin da kaina. Na sa kan sanda a ƙuryar akwati, wato ramin da ake kafa sanda a ciki a gaban katifa, na riƙe a mita 4.00 inda na saba riƙewa, na miƙe hannun dama sama iyakar miƙewa, na tsaya ta yadda yatsun ƙafar hagu suke ƙarƙashin hannun. Tef ya nuna kusan mita 3.15 daga bayan akwati. Wannan ne wurin tashina na gaskiya. A bidiyon kuwa, ina tashi ne tsakanin 2.75 da 2.80. Wato ina shigewa da santimita 35 zuwa 40 a kusan kowane tsalle.

Bayanin da ya yi kan illar wannan shi ne abin da na fi amfana da shi a duk watannin ukun. Idan ka shige, kan sanda yana dukan bangon akwati alhali ƙafarka tana ƙasa kuma ƙirjinka ya riga ya wuce. Sai sanda ta fizge hannunka baya, ta tsinke ka daga ƙasa kafin ka yi tsallen da kanka. Gudun da ka tara tun daga farkon layi sai ya ƙare a kafaɗa da gadon baya, maimakon ya shiga sanda ya tura ta zuwa tsaye. Nan take na tuna ciwon da nake kwana da shi a kafaɗar dama bayan kowane atisaye, wanda na ɗauka kowa ma haka yake ji. Kocin yana bin tafarkin Vitaly Petrov, wanda ya horar da Sergey Bubka, mutumin da ya fara tsallake mita 6 a birnin Paris a 1985. A wannan tafarki ana son mai tsalle ya gama tashinsa kafin sanda ta ɗauki nauyinsa, ko dai su zo lokaci ɗaya. Ya kawo bidiyon Bubka ya jera da nawa, ya nuna mini hannayensa biyu a miƙe, ƙirji a gaba, ƙafar tashi a miƙe a baya. Bai ce in zama Bubka ba. Ya ce in dubi tsarin jikin, in kwatanta da nawa da hannun dama yake a lanƙwashe a gefen kunne.

Sai dai ƙafar tashi ba ita kaɗai take yin laifin ba, gado take yi daga takun da suka gabace ta. Nan ya shigo da alamar tsakiya, wato wurin da ƙafar hagu take sauka saura taku shida a tashi. Ni ban taɓa auna ta ba. Abin da na sani kawai shi ne inda nake farawa, da cewa taku 14 nake yi. Ya ce in sa mutum ya tsaya a gefe ya riƙa kama mini wannan wurin a kowane gudu, a rubuta. Da ƙanena ya rubuta gudu goma, sai ga lambobi daga mita 12.70 har zuwa 13.60. Kusan mita guda na bambanci, a gudun da nake rantsuwa iri ɗaya ne kullum. Idan na faɗa nesa, idona yana ganin akwati ya yi nisa, sai in fara miƙa ƙafa ina jan taku, in jingina baya, takun ƙarshe ya zama mafi tsawo, in dira da diddige. Idan na faɗa kusa kuma sai in daddatse taku, gudu ya mutu. Ya tsayar mini da 13.20 a matsayin abin nema, ya ce taku ukun farko su ne za su kai ni can: ƙafa ɗaya a kan alama kullum, ba tsalle-tsalle, ba ɗan tattaki kafin farawa.

Mako huɗu ya hana ni dogon gudu a gaban katifa, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ci mini rai. Ya mayar da ni kan filin gudu, nesa da akwati, ina gudu da sanda ina kafa ta a kan tawul da aka shimfiɗa, daga baya a cikin akwatin zamiya, wanda yake sulalewa gaba idan sanda ta doke shi. Hikimar ita ce, idan babu rami a gabanka, ido ba ya sa ka gyara taku, sai ainihin gudunka ya fito, a auna shi, sannan a kai shi kan layi. Ya haɗa da ƙananan shingaye da ake jerawa a ƙasa don ƙafa ta riƙa sauka ƙarƙashin ƙugu, da tsalle cikin ramin yashi da sandar da ba ta lanƙwasa, daga taku huɗu, zuwa shida, zuwa takwas. A tsallen yashin nan babu ɓoye-ɓoye. In ka shige, sanda ba za ta wuce tsaye ba.

Wani abin da ban zata ba shi ne yadda ɗaukar sanda take lalata gudu. Ni ina farawa da kan sanda a ƙasa-ƙasa, kusan a kwance, ina ɗauke da nauyinta da hannun hagu tun daga takun farko. Sanda ba ta da nauyi a sikeli, amma idan ka riƙe ta daga ƙarshe ka kwantar da ita, sai ta ja ka gaba, kai kuma ka jingina baya don ka rama. Ya sa na fara da kanta a sama sosai, hannun dama a ƙugu, na hagu a gaban ƙirji, gwiwar hannu a ƙarƙashin wuyan hannu, sannan in bar ta tana saukowa da kanta a hankali, ta yadda saukowarta za ta yi daidai da ƙaruwar sauri. Kafawa kuma a taku ukun ƙarshe: hagu, dama, hagu. A hagun farko hannu ya bar ƙugu, a dama ya wuce kunne, kafin hagun ƙarshe ta taɓa ƙasa ya riga ya miƙe sama. Na yi wannan a tafiya sau ɗaruruwa, ina ƙirga hagu da baki. Ranar da ya fara zama a jikina, na ji kamar sandar ce take jan ni zuwa akwati, kuma takun ƙarshe ya gajarce da kansa ba tare da na yi niyya ba.

A nan zan ɗan ratse. Mutane suna kallon zakaran tsallen sanda Armand Duplantis yana tsallake mita 6.25 a gasar Olamfik ta Paris a 2024, ko 6.30 a Tokyo a 2025, idonsu yana kan yadda yake juyawa a sama. Ni yanzu takunsa 20 nake kallo. Mutumin da ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 10.37 a Zurich a 2024, kuma yake isa akwati da sanda a hannu ba tare da saurin ya ragu ba, shi ne zai iya riƙe sanda a can sama ya lanƙwasa mai tauri. Kocin ya sha nanata cewa saurin da ake buƙata shi ne na mita biyar ɗin ƙarshe, ba na tsakiyar layi ba, kuma ya nuna mini a bidiyona cewa ni a nan ne nake rage gudu.

To, akwai inda tsarin ya gaza, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amsa tana ɗaukar kwana biyu, wani lokaci uku. Idan ka yi kuskure ranar Litinin, za ka maimaita shi ranar Laraba kafin ka ji gyara. Kocin da yake tsaye a gefen layi zai faɗa maka tun kafin ka sauko daga katifa. Ba don ƙanena ba, da rabin amfanin ya zube. Shi ne ya koyi kama taku, har ya kai da na dira zai ce, “Yaya, ka shige da tafin hannu guda, ja baya kaɗan.” Wanda ba shi da irin wannan mutum a fili, ban ga yadda zai ci moriyar tsarin ba. Haka kuma iska: ranar da take bugo ka ta gaba taku yana gajarcewa, ranar da take tura ka ta baya yana ƙaruwa, kuma dole a matsar da alama a wannan lokacin. Dokar gasa ta yarda ka ajiye alama biyu a gefen layi, amma sanin inda za ka matsar da su a ranar, bidiyon makon jiya ba zai faɗa maka ba. Takardun atisayen ma da ma'aunin ƙafa da inci aka rubuta su, ni kuma tef ɗina na mita ne, sai na zauna ina lissafa kowace ƙafa a santimita 30.48. Abu ne da za su iya gyarawa cikin sauƙi.

Batun sanda kuma, ya ƙi zaɓar mini. Da tashina ya fara gyaruwa, sandata ta mita 4.30 ta fara laushi a hannuna, ina faɗawa can cikin katifa, ina buge kara wajen hawa ko da an tura ginshiƙan da ke riƙe kara baya har santimita 80, iyakar abin da doka ta yarda. Na tambaye shi wacce zan hau. Ya yi mini bayanin nauyin da aka rubuta a jikin kowace sanda, wanda bai kamata nauyin mai tsalle ya wuce shi ba, da lambar lanƙwasa, wadda ƙanƙantarta ke nuna tauri, ya ce alamun duk suna nuna in matsa zuwa mai tauri kaɗan. Amma ya ce ranar da zan fara hawa sabuwa, sai da ƙwararre a tsaye a wurin. Na so amsa kai tsaye, amma ban ga laifinsa ba. Akwatin nan zurfinsa santimita 20 ne, kuma mai taurin gaske ne, wanda sanda ta ƙi kai shi katifa a kansa yake sauka.

Wanda yake neman a koya masa jefa ƙafa da juyawa a sama zai ga kamar an yi masa rowa, domin a mako 12 bai fi sau biyu muka taɓa wannan ba. Sabon shiga kuwa, wanda bai taɓa kafa sanda ba, ba na ba shi shawarar ya fara daga nan ko kaɗan. Tsarin ya dace ne da wanda ya riga ya iya tsalle lafiya, yana da katifa da akwati masu kyau, yana da mai kama masa taku, amma ya tsaya wuri ɗaya bai san dalili ba.

A makon ƙarshe ƙanena ya sake rubuta gudu goma. Alamar tsakiya ta tsaya tsakanin 13.10 da 13.30, tashi kuma tsakanin 3.05 da 3.15. Na tsallake 3.95 sau ɗaya da sandar aro mai ɗan tauri, na tsallake 3.90 a atisaye uku a jere. Kafaɗar dama ta daina tashina da dare. Na sabunta rajista na wasu mako 12, kuma a saƙonsa na baya-bayan nan koci ya ce in alamar tsakiya ta zauna haka har ƙarshen wata, za mu ƙara taku biyu mu koma 16.