Belam ta fata da belam ta takarda, wacce ake nufi?

Salam 'yan uwa. 'Yar uwarmu mai sana'ar katin biki ta yi tambaya, tace ta ga ana tallar wata takarda mai shara-shara a intanet an rubuta vellum (belam) a jikin ledar, kuma ta taɓa jin ance tsofaffin Alƙur'anai a kan irinta aka rubuta su, shine take so ta san ko abu ɗaya ne, in kuma fata ce to fatar wace dabba ce, kafin ta zuba kuɗinta. Toh Hajiya kwantar da hankalinki, abu biyu ne daban, suna kawai ya haɗa su.

Belam ta asali fatar ɗan maraƙi ce, sunan ma daga tsohon Faransanci ya fito inda yake nufin maraƙi, duk da yanzu ko ta tunkiya ko akuya ce in dai an gyara ta da kyau mutane belam suke ce mata. Amma kar ki ɗauka irin fatar da majema ke jemewa da bagaruwa ce ake takalmi da jaka, ita wannan ba a jeme ta kwata-kwata. Jiƙa ta ake yi kwana da kwanaki a ruwan farar ƙasa mai kaifi har gashin ya saki, a karce shi, sai a ɗaure ta a jikin firam na katako a ja ta ta kowane gefe tayi tsam, mai aikin ya ɗauko wata wuƙa mai kama da jinjirin wata yana kankara yana ƙara ɗaure igiyoyin har tayi siriri, a haka zata bushe a miƙe, daga baya a goge ta da dutse mai kaushi da alli dan tawada ta zauna. In kina son ki gane yanayinta ki tuna fatar ganga, ta fi kusa da ita nesa ba kusa ba akan fatar takalmi. In kika ɗaga ta a haske zaki ga ƙananan ramukan gashi a gefe ɗaya, wani lokacin har shatin jijiyoyi, kuma gefen gashi ya fi duhu kaɗan akan gefen nama.

Ita kuwa wadda kika gani ana talla ba ruwanta da dabba, daga auduga ko itacen da aka niƙa ake yinta a masana'anta, ana dakan zaren ne sosai a matse shi har iska ta fita daga tsakaninsa shi yasa haske ke ratsa ta, kina ganin rubutun da ke ƙasa dishi-dishi. Duk fefa ɗaya suke, ba rami ba jijiya.

Maganar Alƙur'ani da kika ji gaskiya ce. Kafin takarda ta yaɗu a ƙasashen musulmi, dan sai wajen ƙarshen ƙarni na 8 aka fara yinta a Bagadaza, a kan fata ake rubuta mus'hafi, Larabawa na ce mata raƙƙ kuma kalmar tana nan a Suratu Ɗur aya ta 3. A 2015 jami'ar Birmingham a Ingila ta sanar da gwajin da aka yi wa wasu warƙa biyu da ke ɗauke da sassan Kahfi da Maryam da Ɗaha, gwajin ya nuna dabbar da aka yi fatar da ita ta mutu tsakanin 568 da 645 miladiyya, kuma har yau ana karanta rubutun tar. A 1972 ma an tsinci tarin irinsu a babban masallacin Sana'a a Yaman lokacin gyara, cikinsu har da wanda aka kankare rubutun farko aka sake wani a kai, dan fata na jure kankara, kuma tsadarta bata barin a zubar. Su kuwa rubutattun Alƙur'anan malamanmu na Kano da Barno da Timbuktu yawanci akan takarda suke wadda fatake suka kawo, da yawa daga Italiya, gafakar ce kawai fata, mutane na yawan haɗa wannan.

Tsada kuwa ba a magana. Lokacin da Gutenberg, wanda ya ƙirƙiro injin buga littafi a Turai, ya buga Baibul ɗinsa a Jamus wajen 1455, kwafi kusan 180 ne, kimanin 45 a fata sauran a takarda, kuma ana ƙiyasin kowane kwafin fata ɗaya ya ci maraƙi wajen 170, garke guda kenan a littafi ɗaya. Majalisar Birtaniya ta daɗe tana buga dokokinta a belam, sai a 2017 ta koma takarda mai inganci ta bar bangon kawai a fata, dalilin dai kuɗi ne. Kamfanin William Cowley da ke musu ita tun 1870 yake wannan sana'a. Yau masu amfani da ita 'yan tsiraru ne, masu gyaran tsofaffin littattafai, masu rubutun hannu na ƙawa, masu zanen furanni, sai Yahudawa da har yanzu da hannu suke rubuta Attaurarsu a fata. Ta takarda kuwa bandir ake siyarwa, ɗalibi ma zai iya siya.

Amfaninta na yau da kullum shine naki, a ɗora ta a saman kati a buga sunan ango da amarya hoton ko adon ƙasa na leƙowa, ko a naɗe katin da ita a ɗaure da zare, ana ambulan da ita, masu zanen gini sun daɗe suna zana taswirar gida a kanta kafin kwamfuta ta karɓe aikin, telan da ke son kwafe zanen aiki daga wata riga ma ita ce daidai dashi.

Sai dai tana da halinta gaskiya. Bata shan tawada, dan haka in firintarki mai tawadar ruwa ce ki cire kowace fefa ki shimfiɗa ta daban ta bushe, kina ɗora wata a kai ko kika saka yatsa shikenan ya dame. Ta lesa ta fi mata, amma zafin na iya sa ta lanƙwashe, ki riƙa saka ɗaya-ɗaya. Gam yana nunawa ta ciki ƙiri-ƙiri, shi yasa masu aikin ke amfani da zare ko ɗan ƙarfe, ko su ɓoye gam ɗin a ƙarƙashin wani ado. In kika ninke ta layin zai yi fari kuma baya komawa. Danshi kam dukkansu biyu basa shiri dashi, ta fata kumbura take tana tanƙwarewa kamar tana son komawa siffar dabbar, shi yasa tsofaffin littattafan Turai ke da maƙalai na ƙarfe a baki, ta takarda ma da damina in kika barta a buɗe zata yi kunne, ki ajiye ta a ledarta a kwance. Wajen ƙarfi ne babu haɗi, ta fata da ƙyar ki yaga ta da hannu, ta takarda yaro ma zai keta.

A ganina ta takarda zaki siya, ta fata asarar kuɗi ce a katin da bayan walima za a jefar. Amma ki kula da wani tarko, akwai farin kwali mai kauri da ake rubuta wa vellum shima, dan kawai fuskarsa na da ɗan kaushi da fensir ke kamawa, haske baya ratsa shi ko kaɗan. Ki sa mai kayan ya ɗora fefa ɗaya akan rubutu ya turo miki hoto, ki duba nauyin da aka rubuta a ledar, wajen giram 90 zuwa 110 ya isa na ɗorawa a kan kati, in naɗewa ko ambulan zaki yi ki nemi wadda ta fi haka kauri, kuma ki fara siyan kaɗan ki gwada a firintarki tukunna.