Ranar jarabawa a Alƙahira: mota, tikiti da yawon buɗe ido, ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Ƙannena 'yan Katsina da Daura da ke karatu a Masar, da iyayen da ke turo musu kuɗi daga gida, wannan maganar taku ce. Duk ɗalibin da ya fito daga takardar ƙarshe abin da ransa ke so shi ne ya sha iska, kuma ya cancanta wallahi, amma kuɗin da aka haɗa da ƙyar a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa bai kamata a watsar da su a yini ɗaya ba. Shawarata, ka kashe da safe, ka tsuke aljihu da yamma.

Da safe kana da mikrobas (ƙaramar motar bas), metro (jirgin ƙasa na cikin gari), ko motar da ake kira ta waya irin su Uber da inDrive. Mikrobas shi ya fi arha, sai dai jira yake ya cika kamar motar tasha, ga tsaye-tsaye a hanya, ranar imtihani ka manta da shi kawai. Metro shi ne abin dogaro in makarantarka na kan layi, tun 1987 yake aiki, gosulo bai shafe shi ba, kuɗinsa kuma ya danganta ne da yawan tashoshin da za ka wuce. Ɗan Jami'ar Alƙahira na da tasha mai sunan jami'ar a layi na 2, ɗan Jami'ar Ain Shams na iya sauka tashar Abbasiya a layi na 3. 'Yan'uwa mata akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgin, ku nufe shi kai tsaye saboda cunkoson safe ba kyau. Wanda kuma ke zaune can unguwar Hayyul Ashir nesa da tasha, ku haɗu ku uku ko huɗu ku kira mota ku raba kuɗin, ku fita da wuri sosai, a nan ne ba a rowa, don wanda ya makara a ƙofar zauren jarabawa ba wanda zai tambaye shi nawa ya adana.

To an fito, ina za a nufa? Kamfanonin yawon buɗe ido za su nuna maka tsari mai kyau a hoto, mota mai sanyi da ɗan rakiya da abinci, su kai ka dalar Giza da gidan tarihi. Wannan don Turawa masu kwana uku aka yi shi kuma farashinsu ake sa wa, kai da za ka yi shekaru a garin me zai kai ka? Zuwa dalar ma da kanka a ranar jarabawa ban ba ka shawara ba. Metro zai sauke ka ne a tashar Giza, sai ka ƙara wata mota ta titin Haram, wurin kuma da yamma ake rufe shi, ga jarabawar zango na biyu na faɗowa a Mayu da Yuni lokacin da rana ke dukan mutum a filin da ba inuwa. Dalar Khufu da aka gina ta da tsawon mita kusan 146 ta fi ƙarfin kallon minti ashirin da ciwon kai. Ka ware mata yini guda, ka je da sassafe, kuma in za ka hau raƙumi ku gama ciniki tun ƙafarka na ƙasa, har da kuɗin saukowa.

Abin da ya dace da maraicen jarabawa shi ne tsohon gari. Ka sauka tashar metro ta Ataba ko ta Babush Sha'ariyya ka taka, ka yi la'asar a Masallacin Azhar wanda aka fara gininsa a 970, ba a biyan ko sisi, ka zauna a farfajiyar nan ta farin marmara ka cire takalmi ƙafa ta huta, za ka ga ɗaliban Indunusiya da na Senegal sun jingina da ginshiƙai suna hadda. Daga nan ka tsallaka wajen Masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, ka bi titin Mu'izz har tsohuwar ƙofar gari ta Babul Futuh, tafiyar kyauta ce, shiga gine-gine irin na Sarki Ƙalawun ne ke da tikiti. In an fito da wuri kuma ana son wuri ɗaya na biya, Ƙal'ar Salahuddin, wato tsohon sansanin tsaro da aka soma a 1176 ta fi, daga can sama kana ganin garin gaba ɗaya.

Maganar tikiti, katin ɗalibinka ya zama yana aljihu kuma wanda bai ƙare ba, domin na ɗalibi kusan rabin na babba ne. Manyan wuraren tarihi da yawa yanzu katin banki suke karɓa, ba tsabar kuɗi ba, don haka ka tabbatar kai ko abokin tafiyarka akwai mai katin da ke aiki a can. Iyaye dan Allah in yaro ya ce a ƙara masa na wannan ranar a ƙara, kuɗin metro ne da tikiti ɗaya da farantin koshari da shayi.