Gargaɗi ga masu koyon haɗa gem a Kano: kada ku biya kuɗin "lasisi"

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya sami ƙanena ne ya sa na ce bari in rubuta, don na san ba shi kaɗai ne yaron da ke kwana gaban laftof yana koyon haɗa wasannin bidiyo a garin nan ba.

Yaron ya gama bautar ƙasa, kusan shekara biyu ke nan yana fama da Unity, manhajar da ake haɗa gem da ita, da yaren kwamfuta na C#. Laftof ɗin ma ta hannu ce, karo-karo muka yi muka saya masa a Farm Centre. Ya haɗa wani ɗan wasa na mai adaidaita sahu da ke kauce wa ramuka da 'yan acaɓa, yaran gidanmu har faɗa suke a kansa. Sai ya rubuta a LinkedIn, shafin masu neman aiki, cewa yana neman aikinsa na farko. Ba a yi sati ba wani ya tuntuɓe shi, wai shi wakilin wani kamfanin gem ne na Turai, aiki daga gida, albashi da dala. Ya ce su koma Telegram.

Aka yi intabiyu a rubuce, babu murya, babu fuska. Ko tambaya ɗaya ba a yi masa kan wasan da ya haɗa ba. Washegari sai ga takardar ɗaukar aiki, da tambari da sa hannu. Daga nan aka ce ya tura naira 60,000 na "lasisin Unity na ma'aikata", wai za a mayar masa a albashin farko. Ya same ni a shago yana rawar jiki, ya ce, "Yaya, ka rufa mini asiri, yau za a rufe." Ni da hannuna na tura, kuma da idona na ga asusun na wani mutum ne a nan Najeriya, ba na kamfani ba. Murna ce ta rufe mini ido.

To ku ji abin da na gano daga baya. Unity Personal kyauta ne ga duk wanda kuɗin shigarsa bai kai dala 200,000 a shekara ba. Unreal Engine na kamfanin Epic Games, wanda ke aiki irin na Unity, shi ma kyauta ake sauke shi, sai wasanka ya kawo sama da dala miliyan 1 kafin su fara karɓar kashi 5 cikin ɗari. Godot kuwa, wani ɗan'uwansu, ba a biyan ko sisi, ko ka yi arziki da shi. In ma aiki na buƙatar Unity Pro, kamfani ne ke saya wa ma'aikatansa. Wato iska aka sayar mana.

Da kuɗin ne kawai da sauƙi. Sun turo masa wani kundi suka ce "gwajin aiki" ne, ya sauke ya kunna a kwamfutarsa ya gyara kuskuren da ke ciki. Ashe an cusa muguwar manhaja mai kwashe lambobin sirrin da ke ajiye a burauza. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 2023 masu binciken kamfanin Palo Alto Networks suka fallasa irinta, inda ake yi wa masu rubuta manhaja tarko da intabiyun bogi. Kwana biyu tsakani aka ƙwace imel ɗinsa da Facebook, aka shiga roƙon dangi kuɗi da sunansa. Gwaggonmu ta Fagge saura ƙiris ta tura, Allah ya sa ta kira ni tukuna.

Kamfanin gaskiya aikinka yake son gani: wasa ɗaya ko biyu da ka kammala ka ɗora a itch.io, shafin baje kolin gem, da kodin ɗinka a GitHub, shafin ajiye kodin. Zai kira ka ta bidiyo, ya titsiye ka da tambayar me ya sa ka rubuta kaza haka. Imel ɗinsa na ɗauke da sunan shafin kamfanin, kuma za ka tarar da gurbin aikin a shafin nasu. In sun ce ofishinsu na Najeriya, duba sunan a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Kundin baƙo kuma kada ka kunna shi a kwamfutar da asirinka ke ciki.

Mun goge laftof ɗin kaf, mun canza lambobin sirri, mun sanar da banki, mun kai ƙorafi ofishin EFCC na Kano. Kuɗin dai har yau shiru. Yaron ya koma kan wasansa na adaidaita, yana shirin shiga Global Game Jam, taron masu haɗa gem na duniya da ake yi duk watan Janairu. Mutumin kuwa yana nan, jiya wani abokin ƙanen nawa daga Kabuga ya nuna mana saƙo iri ɗaya sak, sunan kamfanin kawai aka canza, lasisin kuma ya koma 75,000.