Gwajin jinin da ya fahimtar da ni ciwon ƙafar Baba

Wata ranar Laraba na taso daga shago a Kasuwar Barci da ke Kaduna, na kwanta lafiya ƙalau. Wajen ƙarfe uku na dare ciwo ya tashe ni. Babban yatsan ƙafata ta dama ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, ko zanin gado ya goge shi sai in ji kamar an ɗora mini garwashi. Sallar asuba a zaune na yi ta.

Ciwon ba baƙo ba ne a gidanmu. Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana fama da shi, wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu ya taka. Babu irin jiƙon da bai sha ba. Baffana na Zariya ma har gobe yana ɗingishi da irinsa.

Wani ɗan ƙaramin asibitin kuɗi na je a Unguwar Rimi, mai ɗakin gwajin jini a ciki. Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai: ɗakin gwajin yana bene, kuma mai ciwon ƙafa ba shi da wata hanya sai matakala. Ɗana ne ya tallafe ni muka hau. Sakamakon da aka ce ƙarfe biyu kuwa sai bayan la'asar ya fito. Wurin dai tsaf yake, kuma a gabana aka ɓare sabuwar allura.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne likitar. Ta duba yatsan ta ce ya yi kama da gawut, wato ciwon gaɓa da taruwar wani sinadari mai suna yurik asid a jini ke jawowa, amma kada in dogara da gwajin ranar, domin lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa sinadarin yurik asid kan iya fitowa daidai a jini. Ta ba ni maganin kumburi, ta ce in dawo bayan mako biyu. Da na koma, gwajin yurik asid ɗin ya nuna 8.9. Ta zana mini a bayan takarda: idan ya haura 6.8, jini ba ya iya narkar da shi duka, sai ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Su ne garwashin da na ji.

Na shirya jin faɗa kan tsire da balangu. Sai ta ce, "Alhaji, a gidanku akwai mai irin wannan?" Da na ambaci Baba da Baffa ta gyaɗa kai. Ta ce ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na sinadarin ta fitsari, hanji ya fitar da saura, kuma yawancin masu gawut matsalarsu ita ce jikinsu ba ya fitar da shi yadda ya kamata. Ƙarfin wannan fitarwa kuwa gadonsa ake yi. Ta rubuta mini sunayen ƙwayoyin gado biyu, SLC2A9 da ABCG2, waɗanda ke tsara yadda ƙoda da hanji ke tura sinadarin waje. Wani bincike da mujallar BMJ ta buga a 2018 ma ya nuna cewa gado ya fi abinci tasiri nesa ba kusa ba wajen bambancin yurik asid tsakanin mutane. Shi ya sa abokina da muke cin farfesun kayan ciki a kwano ɗaya bai taɓa sanin ciwon ba. Na daɗe ina tuna Baba a kan kujerar nan. Da ya samu mai yi masa wannan bayani, da bai mutu yana zargin maƙwabci ba.

Ba ta wanke abinci gaba ɗaya ba: hanta, ƙoda, sadin na gwangwani da lemon kwalba duk ta ce in rage, in yawaita ruwa, musamman da zafin Maris. Sannan ta nemi ganin maganin hawan jinina, ta gano akwai hydrochlorothiazide a ciki, wanda ke ɗaga yurik asid, ta canza mini zuwa losartan. Wannan kaɗai ya biya kuɗin kati.

Kafin ta fara ba ni allopurinol, maganin rage yurik asid, sai da ta auna lafiyar ƙodata, ta fara da miligiram 100. Ta gaya mini gaskiya cewa akwai wata alamar gado, HLA-B*58:01, da kan sa maganin ya jawo mummunan ƙuraje ga wasu, kuma su ba sa yin gwajinta, don haka ko ɗigon ƙurji na gani ko zazzaɓi in daina sha in zo nan take.

Yau wata huɗu ke nan. Gwajin ƙarshe ya nuna 5.8, ƙasa da 6 ɗin da take nema, kuma ina zuwa jam'i da ƙafata. Asabar mai zuwa zan ɗauko Baffa daga Zariya. Na riga na roƙe su a sauko a ɗebi jininsa a ƙasa, sun amince.