Rabon gado: a gida da malami ko a kai kotu?

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar uwa kin tambaya ko ku raba gadon mahaifinku a gida da malami ko ku kai kotu, to tunda kin ce akwai kuɗi a banki, ga fansho, ga gida, kuma mata biyu ya bari wato ɗakuna biyu ne, ni dai shawarata ku kai kotu kawai.

Mu da mahaifinmu ya rasu kotun shari'a muka je, kuma wallahi har yau ina yi wa alƙalin nan addu'a. Abu na farko da ya tambaya ba dukiya ba ce, cewa ya yi a lissafo magada kaf da shaidu, sannan ya tambaya ko cikin matan akwai mai juna biyu, don in akwai shi ma abin da ke cikin yana da rabonsa. Daga nan aka zo kan bashi, aka kira masu bin Baba kuɗi kowa ya kawo shaidarsa aka biya, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji. Abin da ya rage ne aka raba, iyayenmu mata biyu suka raba tumuni, ɗaya cikin takwas, a tsakaninsu, kakarmu mahaifiyar Baba da ke raye ta ɗauki sudusi, ɗaya cikin shida, saura namu namiji rabon mata biyu. Ƙanwarmu da ba ta kai shekara 10 ba aka rubuta nata daban aka damƙa amana a gaban shaidu, ina kallon mahaifiyarta tana share hawaye da bakin mayafi don ta ɗauka za a danne su ne.

Amma ki shirya jira, abu ne na watanni ba na sati biyu ba, ana ɗage zama, kuma akwai kuɗin da kotu ke karɓa. Banki da zarar sun ji rasuwa suna rufe asusun, kuma wanda Baba ya rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci ba shi ke nan ya zama mai kuɗin ba. Za su nemi takardar shaidar mutuwa, ta asibiti da ta hukumar ƙidaya, da takardar kotu mai ba da izinin taɓa dukiyar mamaci. Kamfanin fansho ma haka, in kuma yana bakin aiki ya rasu ku tambayi kuɗin inshorar rai, dokar fansho ta 2014 ta ce aƙalla ninki 3 na albashin shekara, mutane da yawa ba sa bin wannan.

Rabon gida da malami toh ba laifi, ya fi sauri, in kayan ɗaki ne da 'yan awaki kuma kowa ya yarda. Amma takardar malam ba ta buɗe asusu.

Sai abin da ba ki tambaya ba, dan Allah ku kula da dillalai. Za su zo da gaisuwa su karya wa gidan kuɗi, ashe sun haɗa baki da mai saye ko ma da wani cikin dangi. Ku sa a yi masa ƙima a wuri fiye da ɗaya, kuma kar kowa ya sa hannu a cinikin fili kafin rabo. Haka masu tsayawa a bakin kotu suna cewa kawo kuɗi a fito miki da takarda gobe, ki wuce su ki shiga ofishin rijistara da ƙafarki, duk abin da kika biya ki karɓi rasit. Takardun gidan kuma tun yau ku ɗauke su hoto a waya kowane ɗaki ya samu kwafi.